Yadda Ake Kama Jatan Landen Kogi a Ingila Don Ci, da Izinin da Ake Nema Kafin a Jefa Tarko

Bahaushen da ya tashi kusa da gulbi, idan ya zo Ingila ya ga ruwa ta ko'ina, rafi nan, tafki can, ga magudanan jirage sun ratsa tsakiyar gari, abin da ke fara zo masa a rai shi ne su. Ni ma haka ta faru da ni. Wata Asabar cikin watan Yuli ina tafe a gefen wani ƙaramin rafi da ke zuba cikin kogin Tems, sai na hango wata halitta tana tattaki a kan tsakuwa a ƙarƙashin ruwa. Tsawonta ya kai tafin hannuna, tana da manyan hannaye biyu irin na ƙaguwa, jikin kuwa kamar jatan landen da aka ƙara wa girma. Na ɗaga dutse guda, uku suka fice da baya a guje. Wani dattijon Bature da ke zaune da fatsarsa a kusa ya ce mini ana cin su, suna da daɗi ƙwarai, kuma rafin cike yake da su. Sai ya ƙara da cewa kada in kuskura in ɗauki ko ɗaya sai da takarda a hannuna.

Gaskiya dattijon ya faɗa mini, kuma na ji daɗi da na bi maganarsa. Na nemi izini, na sayi tarko, na kama, na dafa wa iyalina. Abin da na koya shi zan shimfiɗa maka a nan, ɗan'uwa, musamman kai da ke zaune a Ingila kana marmarin cin abin da hannunka ya kamo. Sai dai ka sani tun yanzu, kamun shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Nauyin yana wajen takarda, da abin da za ka yi a bakin ruwa bayan tarko ya cika.

Fara da sanin abin da za ka kama

Kada suna ya ruɗe ka. Kirefish ɗin da matanmu ke saye a kasuwa, busasshe, a daka a zuba a miya, ƙananan jatan lande ne na bakin teku da ake kawowa daga kudu, daga garuruwa irin su Oron ta jihar Akwa Ibom. Wannan na Ingila dabam ne. A ruwan daɗi yake rayuwa, babba yakan kai santimita 16 ko fiye, kuma namansa ake ci kamar yadda ake cin ƙaguwa. Turawa na ce masa signal crayfish, sunan da za ka gani ke nan a takardun hukuma.

Baƙo ne a ƙasar. Asalinsa yammacin Amurka ta Arewa. Mutanen Suwidin, waɗanda cin wannan halitta a watan Agusta biki ne a wurinsu, sun rasa yawancin nasu na gida saboda wata annoba da ta shigo musu a 1907, sai suka ɗauko na Amurka a 1960 don ya maye gurbi. Daga Suwidin aka kawo shi Birtaniya a 1976, aka zuba a tafkunan kiwo da niyyar sayar wa gidajen abinci. Ba halittar da shinge ke tsarewa ba ce. Tana fitowa daga ruwa ta yi tafiya a kan ciyawa mai raɓa har ta faɗa wani ruwan. Cikin 'yan shekaru ta bazu a koguna.

Ɓarnarsa iri uku ce. Yana haƙa ramuka a gaɓar kogi, wani ramin ya kai mita 2, har gaɓar ta rube ta zube. Yana cinye ƙwan kifi da ƙananan halittun da kifi ke rayuwa a kansu. Ta ukun ita ce mafi muni, kuma ita ce tushen duk dokokin da za ka ci karo da su: yana ɗauke da waccan annoba a jikinsa, wani irin fumfuna na ruwa, shi ba ta cika yi masa komai ba, amma tana kashe ɗan ƙasa. Domin Birtaniya na da nata jatan landen kogin na asali, wanda ake kira white-clawed crayfish, wato mai farin hannu. Tun farkon shekarun 1980 annobar ke share shi kogi bayan kogi. Idan ta shiga ruwan da yake, cikin makonni sai a wayi gari babu ko ɗaya. Yau har tafkunan da ke ware daga koguna ake nema a kai ragowarsa don kada ya ƙare. Dokar kare namun daji ta 1981 ta ba shi kariya, kama shi don ci laifi ne.

Saboda haka dole ka iya bambance su, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka birkice hannun ka duba cikinsa. Na Amurka cikin hannunsa ja ne jawur, kuma a mahaɗar awartakin, ta sama, akwai wani tabo fari mai ratsin shuɗi. Wannan tabon ne ya ba shi sunansa. Bayansa sumul yake. Ɗan ƙasa kuwa ƙarami ne, da wuya ya wuce santimita 12, cikin hannunsa fari-fari ne mai ɗan dauɗa, babu tabon nan, jikinsa da ɗan kaushi. Manya ba su da wuyar ganewa. Ƙanana ne ke ruɗar mutum, don haka kafin fitarka ta farko ka zauna ka kalli hotunan duka biyun a intanet har idonka ya saba.

Takardar Hukumar Muhalli

A Ingila, wadda ke ba da izinin ita ce Environment Agency, Hukumar Muhalli. Ba ka da ikon kama ko ɗaya sai ta ba ka izini a rubuce. Lasisin kamun kifi da fatsa da ake saye kowace shekara bai shafi wannan ba, ko kana da shi sai ka nemi wannan dabam. Kuma kada ka ce ai ba tarko zan sa ba, da hannu zan tsince, ko da 'yar koma, ko igiya zan ɗaura wa nama in zura. Fom ɗin neman izinin na kamawa ne da cirewa daga ruwa, ta kowace hanya, kuma a cikinsa za ka faɗi hanyar da za ka bi.

Sunan fom ɗin CR1, yana shafin gwamnati na GOV.UK, kuma kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Abin da zai tambaye ka ba shi da wuya: sunanka da adireshinka, sunan ruwan, ainihin wurin da za ka kafa tarko da lambarsa a taswira, dalilin kamun, wato don ci a gida, irin tarkon da adadinsa, da ranakun da kake so. Wajen lambar taswirar ne mutane ke yin sakaci. Kada ka rubuta sunan kogi kawai. Tems doguwa ce. Ka shiga taswirar intanet mai ba da lambar wuri ta Birtaniya, ka ɗauko lambar inda za ka fara da ta inda za ka tsaya. Izinin na wannan wurin ne kaɗai, ba za ka ɗauki tarkonka ka koma wani rafin da shi ba.

Ka aika da wuri. Ni a watan Afrilu nake cikewa don kamun Yuli, saboda amsar takan ɗauki makonni. Idan sun amince za su aiko maka da takardar izini mai sharuɗɗa, da lambobin roba da za ka ɗaura wa kowane tarko, da fom ɗin da za ka rubuta abin da ka kama. Ka karanta sharuɗɗan nan layi-layi, domin su ne dokarka a bakin ruwa.

Suna iya hanawa, kuma ka shirya wa haka. Kudancin Ingila da tsakiyarta, inda baƙon ya riga ya mamaye, nan aka fi samun izini. Inda ɗan ƙasa ke da saura, musamman a arewa, ba a cika bayarwa ba, domin tarko ɗaya mai ɗauke da annoba ya isa ya ƙarar da su. Haka nan idan akwai ɓeran ruwa a gaɓar, wanda Turawa ke kira water vole kuma doka ke karewa, suna iya hana tarko, ko su ce sai dai 'yar ragar da ake zurawa a ɗaga nan take. Idan wurin na cikin yankunan da aka keɓe don kare halittu, hukumar Natural England ma na da ta cewa. In an hana ka, to ka haƙura, ka nemi wani wurin.

Takardar Ingila ba ta aiki a Wels, can hukumar Natural Resources Wales ce ke da iko. Sikotilan kuwa ka cire rai. Duk da cewa tafkin Loch Ken ya cika da su maƙil, hukumar NatureScot ba ta ba da izinin kamawa don ci ko sayarwa, saboda tana ganin da zarar abin ya zama abinci ko kuɗi, wani zai ɗauka ya zuba a ruwan da ke kusa da gidansa.

Ruwa na da mai shi

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya san Argungu ya san ba a shiga Matan Fada da koma sai ranar da aka buɗe, kuma masunci ba ya tsallake Sarkin Ruwa. A Ingila ma haka ne, sai dai masu ruwan sun fi yawa. Akwai mai ƙasar da gaɓar ke ciki, sau da yawa manomi ne ko ƙaramar hukuma. Akwai kuma mai haƙƙin kamun kifin wurin, wanda galibi ƙungiyar masu fatsa ce da ta karɓi haya. Yawancin magudanan jirage kuwa suna hannun ƙungiyar Canal & River Trust. Takardar Hukumar Muhalli ba ta ba ka damar taka ƙasar kowa ba. Ka fara samun yardar waɗannan kafin ma ka cike fom.

Shawarata, ka fara da ƙungiyar masu fatsa ta unguwarku. Sun tsani wannan halitta, tana cinye musu abincin da suka sa wa kifi, tana rusa musu wurin zama a gaɓa. Ka je ka gaishe su, ka faɗi abin da kake so, ka nuna musu ka san doka. Ka roƙi su ba ka yardar a rubuce, ko da saƙon imel ne, ka ajiye a wayarka.

Tarkon da doka ta yarda da shi

Siffarsa kusan irin ta gura ce: kwando mai baki kamar mazurari, a shiga da sauƙi, fita ta gagara. Yawancin na kasuwa na roba ne, ƙirar Suwidin, baki biyu. Amma akwai awo, kuma ba a sassauta shi:

- tsawo kada ya wuce santimita 60
- faɗi kada ya wuce santimita 35 a inda ya fi faɗi
- baki kada ya wuce milimita 95
- idon raga kada ya wuce milimita 30
- kowane tarko da lambar hukuma a ɗaure

Cikin waɗannan, na baki shi ne wanda ke da rai a ciki. Karen ruwa ya kusa ƙarewa a Ingila, da ƙyar aka samu ya dawo koguna, kuma jatan landen nan abincinsa ne. Idan bakin tarko ya yi faɗi, zai cusa kai ya shiga, ya kasa fita, ya nutse ya mutu a ciki. Ana samun irin wannan, kuma galibi a tarkon da ba shi da lamba. Ka yi hattara da ragar nan mai naɗewa da ake sayarwa da arha a intanet. Ganin ana sayar da ita ba ya nufin an halatta sa ta a kogi. Idan tarkonka ya iso, ka ɗauko rula ka auna bakin da kanka. In ya wuce, ko ka sa masa zoben da ke tsuke shi, ko ka mayar.

Tarko biyu ko uku sun ishi gida ɗaya. Sauran kayan su ne igiya mai ƙarfi, turaku, bokiti mai murfi, kula cike da ƙanƙara, wuƙa mai kaifi da tsini, ɗan katako, safar hannu mai kauri, da takalman roba.

Kafawa

Lokacinsa daga Yuni zuwa Oktoba, sa'ad da ruwa ya yi ɗumi suna yawon neman abinci. Da sanyi ya shigo sai su lafe a ramuka, matan na rungume da ƙwai a ƙarƙashin wutsiya har bazara ta dawo. Da dare suke fitowa, don haka ka kafa bayan la'asar, ka ɗaga da sassafe.

Abin da za ka sa a ciki, kifi mai maiƙo ya fi komai. Kan titus, ko sardin na gwangwani da ka huda wa ramuka, ko ƙashin kaza da ɗan nama a jiki. Ka sa a cikin 'yar akwatin da ke tsakiyar tarkon, in ba haka ba na farko da ya shiga zai cinye, ko su riƙa ja ta waje ba tare da sun shiga ba. Ka tsaya ga kifin teku. Kifin da aka kamo daga wani kogin yana iya ɗauko cuta ya kawo nan. Kuma ka riƙe wannan: haramun ne a dokar kamun kifi ta ƙasar a yi amfani da jatan landen kogi a matsayin abin da ake sa wa ƙugiya ko tarko, rayayye ko matacce.

Ka nemi inda ruwa ke tafiya a hankali, mai duwatsu ko saiwoyin itace da suka shiga ruwa, ko gaɓa mai ramuka irin nasu, masu faɗin baki kusa da fuskar ruwa. Zurfin gwiwa zuwa ƙugu ya isa. Ka kwantar da tarkon a ƙasa ya bi tsawon kogin, ka sa masa dutse idan ruwa na jan sa, ka ɗaure igiyar a turke ko saiwa. Kada ka taɓa ajiye shi a bakin ramin ɓeran ruwa, wannan laifi ne mai zaman kansa. Idan an yi ruwan sama mai yawa kogi ya ɗauko, ka bari sai ya sauka, don kada ya tafi da tarkon ya ci gaba da kashe halittu ba mai dubawa, kuma don kai kanka gaɓa mai santsi ba wurin wasa ba ce.

Kada tarko ya wuce awa 24 ba ka duba shi ba. Idan ka san gobe ba za ka samu zuwa ba, to kada ka kafa yau.

Abu biyu game da lafiyarka. Ruwan kogi na iya ɗauke da cutar da ake samu daga fitsarin ɓera, wadda ke shiga ta rauni, saboda haka ka rufe duk wani yanka da filasta, ka wanke hannu kafin ka ci wani abu. Sannan ka guji kafa tarko a ƙasan bututun da ke zubo ruwan masai ko na masana'anta, domin abin da wannan halitta ta ci shi za ka ci.

Bakin ruwa, inda aikin yake

Ga inda al'adarmu ta su ke karo da dokar wurin, kuma ina so ka tsaya ka fahimce shi sosai. Masuncin kirki yana mayar da ƙananan kifi da mai ƙwai cikin ruwa don gobe a samu. A nan akasin haka ake so. Duk na Amurka da ya fito daga ruwa ba ya komawa, babba ne ko ƙarami, da ƙwai ko babu. Mayar da shi laifi ne. Mace ɗaya na iya ɗaukar ƙwai 200 zuwa 400, ka ga sakinta ba tausayi ba ne ga kogin.

Kuma ba za ka tafi da shi gida da rai ba. A da mutane kan kai su gida su zuba a baho da ruwa mai tsabta su kwana don cikinsu ya wanke, har yau za ka ga tsofaffin rubuce-rubuce na koyar da haka. Wannan ya wuce. Tun 1 ga Disamba 2019, dokar baƙin halittu masu mamaya ta hana ajiye shi da rai, da ɗaukarsa da rai daga wuri zuwa wuri, da sakinsa. Hukuncin ya haɗa da tara, har da ɗauri. A inda ka kama, nan za ka kashe.

Ga yadda nake yi. Ina jawo tarkon in ja da baya daga bakin ruwa 'yan taku, in juye a bokiti mai zurfi in rufe, don suna da saurin sulalewa cikin ciyawa. Sai in riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya, ta baya, daidai bayan hannayen inda awartakin ba zai kai ni ba, in birkice in duba. Idan kifi ne ko wata halittar da ba ta cikin izinina, nan take take komawa ruwan da ta fito. In da zan ga mai farin hannu, zan mayar da shi a hankali, in kwashe tarkona gaba ɗaya, in kira hukumar a lambarta ta gaggawa, 0800 80 70 60. Ita ce kuma lambar da za ka kira idan ka ga tarko marar lamba, ko mataccen karen ruwa.

Masu jan hannu sai in zuba su a kular ƙanƙara da ɗan ruwa, in bar su kamar minti 20 har su daina motsi. Daga nan in ɗora kowanne a kan katako, in soka tsinin wuƙa a tsakiyar kai, in danna in tsaga gaba, sara ɗaya. Tun 2022 dokar Birtaniya ta lissafa irin waɗannan halittu cikin masu jin zafi, mu kuma tun kafin nan an hore mu da kyautata wa abin da za mu kashe. Ka wasa wuƙarka, ka yi shi da sauri. Ƙananan da ba su isa ci ba su ma haka za ka yi musu, ka zuba a leda ka tafi da su, kada ka watsar a gaɓa.

Da ya mutu yana saurin lalacewa. Ya koma kan ƙanƙara nan take, kuma a dafa shi a ranar, cikin 'yan awoyi. Wasu kan zo da ɗan rishon gas su dafa a wurin idan mai ƙasa ya yarda, wannan ma ya fi.

Wanke kaya

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne ya fi kare kogi. Ƙwayoyin annobar ba a ganin su da ido, kuma suna rayuwa kwanaki a jikin duk abin da ke da laima: tarko, igiya, bokiti, ƙasan takalmi. Mutum zai iya bin kowace doka, sannan mako mai zuwa ya je yawo arewa da takalmin da bai bushe ba ya kashe rafi guda. Kafin ka bar wurin ka duba kayanka, ka cire laka da ganye da duk wani ɗan ƙaramin da ya maƙale. A gida ka wanke da ruwan zafi, ka shanya su bushe ƙarau aƙalla awa 48, a rana in an samu. Ni tarkunana na wuri ɗaya ne, ba sa zuwa wani ruwan ko da sun bushe.

Zan faɗa maka wani abu da ni ma sai daga baya na yarda da shi. Ana yawan cewa ku ci su ku ceci kogi. Maganar na da daɗin ji, amma bincike bai goyi bayanta ba. A 2020 masana daga University College London sun tsotse ruwan wani ɗan rafi a arewacin Yokshaya suka ƙirga abin da ke ciki, suka samu har 110 a murabba'in mita ɗaya a wani wurin, kuma waɗanda suka kai girman shiga tarko ba su kai kashi 2.5 cikin 100 ba. Wato tarko na kwashe manya ne kawai, galibi maza, waɗanda su ne ma ke cin ƙananan. Don haka ka kama saboda abinci ne mai kyau da ke nan a yalwace. Gudummawarka ga kogin ita ce kada ko ɗaya ya bar wurin da rai ta hannunka, kada kuma annobar ta bi takalminka.

Tukunya

Wani zai tambaya ko ana ci. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ba ya buƙatar yanka. 'Yan'uwanmu Hanafawa, waɗanda su ne suka fi yawa a masallatan Ingila, sun taƙaita ga kifi, saboda haka ka tambayi maƙwabcinka kafin ka aika masa da kwano. Wanda kuma jatan lande ko ƙaguwa ke tayar wa da ƙaiƙayi ko kumburi, wannan ma zai yi masa haka.

Ka wanke su sosai da buroshi, musamman ƙasan ciki inda laka ke maƙalewa. Tun da ba a bar su sun kwana a ruwa ba, sai ka cire hanjin da hannu. A ƙarshen wutsiya akwai fikafikai biyar. Ka kama na tsakiya, ka murɗa hagu da dama, ka ja a hankali, baƙin zaren zai biyo shi.

Ka ɗora babbar tukunya da ruwa mai yawa da gishiri sosai. 'Yan Suwidin ganyen dil suke sawa su ci da sanyi. Ni albasa nake yankawa, da tafarnuwa, citta ɗanya, attarugu, kanumfari kaɗan, masoro, da lemun tsami rabi biyu, in bar ruwan ya tafasa minti 10 kayan su saki. Sai ka zuba su kashi-kashi don kada ruwan ya huce. Daga lokacin da ya sake tafasa ka ƙirga minti 5, manya ƙwarai ka ƙara musu 2. Za su koma ja jawur, naman ya yi fari har ciki. Ka kashe wuta ka bar su a ruwan minti 10 su sha yaji. Kada a ci shi ɗanye ko rabin dahuwa. Wanda ka ɓare ka ga namansa ya yi lugub yana wargajewa, ko yana wari, ka yar.

Ci kuwa da hannu ne. Ka murɗe wutsiya daga kai, ka matse ɓawon ya tsage, ka zaro naman ka dangwala a yajin ƙuli. Manyan maza hannayensu na da nama mai zaƙi fiye da na wutsiya, a fasa da bayan cokali. Naman ba shi da yawa idan aka kwatanta da girman jikin, don haka ka lissafa 15 zuwa 20 ga mutum ɗaya idan shi ne abincin. Idan kuwa a miyar kuɓewa ko farfesu za a sa, ka ɓare ka zuba a minti biyun ƙarshe, in ya daɗe a wuta tauri yake yi.

Kawuna da ɓawo kada ka zubar tukuna. Ka soya su a ɗan mai da albasa har ƙamshi ya tashi, ka farfasa da muciya, ka zuba ruwa ya sha kansu, ya dahu minti 30, ka tace. Wannan romon a dafa-duka ko a miya yana ba da ɗanɗanon da ya yi kusa da na kirefish ɗin gida, sai dai ya fi shi sanyin ƙamshi. Uwargidana kan zuba a ƙananan robobi ta sa a firiza mu yi ta amfani da shi har cikin hunturu. Ɓawon da ya rage a ƙulle a leda a sa a kwandon shara na gida, ba a kai shi kusa da wani ruwa ba.

A daren ranar, tun ba ka manta ba, ka rubuta a ɗan littafi: kwanan wata, tarko nawa ka kafa, guda nawa ka kama, da duk wata halittar da ta shiga ka mayar. Idan wa'adin izininka ya cika, daga littafin nan za ka cike fom ɗin da suka aiko maka ka mayar musu, ko da ba ka kama komai ba. Sannan ka cire tsofaffin lambobin daga tarko, ka adana shi a busasshen wuri, ka sa wa wayarka tunatarwa ta watan Afrilu don neman na baɗi.